Adireshin aro, da bakin mutanen Zango

A jihar Washington ta Amurka tun 1991 suka fito da wani tsari, macen da ta gudu daga mijin da ke dukanta sai gwamnati ta ba ta adireshin aro, akwatin gidan waya ne dai na gwamnati, shi za ta riƙa rubutawa a lasin tuƙi da makarantar yara har takardun kotu, in wasiƙa ta zo ofishin ne zai tura mata can inda ta ɓuya. Kalifoniya ma ta fara nata a 1999, Safe at Home suke ce masa, yanzu yawancin jihohinsu suna da irinsa. Dalili kuwa a can takardun hukuma da yawa ana iya dubawa, mutumin da aka gudar wa sai ya bi takarda har ƙofar gida.

To mu fa a nan Ankara ta Gana? Doka muna da ita, ta 2007, Act 732, kotu na iya ba mace odar kariya ta hana mutumin zuwa kusa da ita, ga kuma DOVVSU, sashen kula da cin zarafin cikin gida a wajen polis, wanda aka fara a 1998 da sunan WAJU. Amma tun da GhanaPostGPS, tsarin da ke ba kowane gida lamba, ya zo a 2017, banki adireshin dijital, Ghana Card adireshin dijital, lambar nan kuwa in ka sa ta a waya taswira ce za ta kai ka wajen. Abu mai kyau ga mai kawo saƙo a babur, ga wadda ke ɓuya kuma masifa ce. Nan kam ya kamata gwamnati ta dubi abun da Amurkawa suka yi.

Sai dai wallahi ni ba takarda ce ta fi ba ni tsoro ba. A unguwannin Zango irin Nima ko Mamobi wa ke neman mutum da wasiƙa? Cewa ake yi bayan masallaci, gidan da ake sai da koko, ka tambayi yara. Yarinya ta kwashe kaya da dare ta koma Ashaiman wajen ƙanwar uwarta, kafin Juma'a ta zagayo mijin ya sani, kuma ba maƙiyi ne ya faɗa ba, gwaggo ce, da kyakkyawar niyya ma, wai a je a yi biko, ki yi haƙuri ɗiyata aure ibada ne, kowa da haka ta zauna. Ko ƙawa ta sa hoton suna a status ga shagon unguwa ya fito a baya. Ko mijin ya tura wa yaro kuɗi ta waya, momo, ya kira ya ce ina kuke in kawo maku takalmi.

Ban ce a daina sulhu ba, amma sulhu ai ba sai an faɗi ɗakin da take kwana ba. Liman ko Magajiyar unguwa za su iya yin aikin akwatin nan, duk saƙon miji, kuɗin abincin yara ne, takardar kotu ce, roƙo ne, ya tsaya a hannunsu su suke kaiwa, in za a zauna a zauna a masallaci ko gidan Sarkin Zango, ita ta zo da wanda ta yarda da shi, in an tashi a riƙe shi da hira har trotro ɗinta, motar haya, ya bar tasha.