Abin da na fito da shi daga warshar Balad

Wanda ya yi aiki a bayan shagunan gwal na Balad a Jidda ya san tsarin. Tun ƙarshen 2017 da aka ce 'yan ƙasa kaɗai za su tsaya a kanta, mu baƙi muna can cikin warsha, wato maƙerar gwal, da wuta da hayaƙi, ba a neman mu sai abu ya lalace.

Mu'allim ɗinmu, wato maigidan warshar, yana da wata ɗabi'a. In aka kawo azurfa ko farin gwal a sake masa ruwan rodiyam, farin ƙarfen da ake rufe samansa da shi, sai ya sa a fara shimfiɗa ƙarfen nikel a ƙasa. Aikin ya fi sheƙi, rodiyam ɗin da zai ci kuma kaɗan ne, ga shi da tsada. Nikel kuwa shi ne kan gaba wajen cin fatar mata. Turai tun 1994 suka sa masa doka a kayan da ke taɓa jiki. Na faɗa masa, ya ce nan ba Turai ba ne.

Wata hajiya 'yar uwarmu daga unguwar Karantina ta kawo 'yan kunnen 'yarta. Da bakinta ta ce min, "Ɗan nan, yarinyar ba ta shiri da ƙarfe, kunnenta ruwa yake yi." Na isar da saƙo, ya ce a yi yadda aka saba. Da gumin Jidda ba a daɗe ba ruwan saman ya goge a jikin sandar, kunne ya kumbura. Da Hajiya ta dawo, sai ya fito da ni gabanta ya ce yaron ne bai wanke aikin da kyau ba. Ya zaftare kuɗin daga albashina. Igamata, takardar zamana a ƙasar, a hannunsa take, me zan ce?

Daga nan na nemi ruwan gwajin nikel da kuɗina. Ɗigo biyu a auduga, a goga a jikin ƙarfen; in ta koma ruwan hoda, magana ta ƙare. Ban ƙara taɓa kayan mai ƙaiƙayi ban gwada ba, ko yana kallo.

Hatimin 750 a jikin kayan gwal yana nufin kwata ɗin ƙarfen ba gwal ba ne, kuma a farin gwal sau da yawa nan nikel yake ɓuya. Mai 875, wato karat 21, ba kasafai yake damun kowa ba, shi nake sa wa a sandar ɗan kunne. Ƙurajen nikel sai bayan kwana ɗaya ko biyu suke fitowa, shi ya sa ake ɗora laifin kan sabulu ko lalle. Kore a yatsa aikin jan ƙarfe ne, wanki yake so kawai. Shafa wa ƙarfen man farce dabarar 'yan kwanaki ce. Jikin da ya riga ya ƙi nikel ba ya sake karɓarsa.

Yanzu matan unguwa ni suke nema da suna. Kuɗin da ya cire min kuwa, na bar shi da Allah.