Yarinyar da ta yi shiru a aji

Jiya a ajinmu nan Garwa na tambayi wata yarinya da Faransanci, ta yi shiru kamar ba ta san komai ba, da na juya tambayar da Hausa sai ga amsa tana zuba har da misali, wallahi abin ya tsaya min a rai har dare.

Dama akwai tsohuwar muhawara kan ilimin harshe na aikace, wato amfani da ilimin harshe wajen warware matsalolin yau da kullum irin wannan, wai shin masana ne za su ƙirƙiro ka'ida a jami'a a kawo mana mu ɗora, ko daga matsalar aji da kasuwa da asibiti ake farawa sannan a nemo ilimin da zai warware ta? Masanin harshe ɗan Birtaniya Henry Widdowson ya bambance biyun nan tun 1980. Fannin ma daga koyar da harsuna ya taso, mujallar fannin mai suna Language Learning ta fara fitowa a Mishigan ta Amurka a 1948, daga baya ya faɗaɗa. Mu nan Kamaru Farfesa Maurice Tadadjeu ya fara gwajin koyar da yara da harshen gida a 1981.

Ni dai ina ɓangare na biyu. Gobe da Hausa da Fulatanci zan buɗe darasin in sha Allahu.