Na yafe mata, amma adashe kam a'a

Wata huɗu cur na yi ina tsallake layi ɗaya a Addu'ar Ubangiji. Da an zo wajen a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai in ja bakina in yi shiru, jama'a su wuce, in sake kamawa a gaba. Ba wanda ya lura, daga ni sai Allahna.

Adashe ne ya jawo. Mu goma sha biyu ne a Zumuntar Mata, uwar adashen kuma aminiyata ce tun muna 'yan mata a ƙungiyar mawaƙa, ita ce ma babbar ƙawa ranar aurena. Da gangan na zaɓi kwasar Satumba saboda kuɗin makarantar yara, duk wata ina zubi ko da zan ci tuwo da miya ba nama. Ranar kwasa na kira waya a kashe, washegari ta ce matsalar banki ce, sati ya zagayo ta ce mijinta ba lafiya, ashe kuɗin tun tuni ta zuba su a wani kasuwanci ya rushe da su, kuma ba nawa kaɗai ba.

Gaskiya kuɗin sun yi min ciwo, sai da na ci bashi. Amma abin da ke hana ni barci shi ne duk watannin nan benci ɗaya muke zama, tare muka ci Jibin Ubangiji, tana kallon idona tana ce min "'yar'uwa" alhali ta san abin da ta yi.

Zabura 55 ce ta riƙe ni a lokacin. Dauda yana cewa da maƙiyi ne da ya jure, amma abokinsa ne, wanda suke shiga Haikalin Allah tare cikin taro. Masu bayani da dama suna ganin Ahitofel yake nufi, mashawarcinsa da ya koma bayan Absalom, ɗansa da ya yi masa tawaye. Na ji sanyi da na ga Dauda bai ɓoye fushinsa ba, ya zazzage wa Allah komai.

Su kuwa mutanen coci, Allah ya saka musu, kowa ayar nan ta a yafe har bakwai sau saba'in yake karanto min. Wata ma cewa ta yi in har da gaske na yafe to in koma zubi a hannunta. Haba! Wannan maganar ta fi komai ɓata min rai, don an mai da ni kamar ni ce mai laifin.

Wata dattijuwa a zumuntarmu ce ta kira ni gidanta, ta ce "'yata, buɗe Farawa ki karanta min labarin Yusufu a hankali." Yana shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi azurfa 20. Sai bayan shekara sama da 20 suka sake haɗuwa a Masar, kuma ya ba su hatsi, har kuɗinsu ya mayar musu a buhu, yana juya baya yana kuka. Amma bai ce musu ni ne Yusufu nan take ba. Sai da ya sa ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu don ya ga ko za su sake yar da ƙaninsu, da Yahuza ya ce a riƙe shi a madadin yaron, a nan ne ya bayyana kansa. Mama ta ce "kin gani? Tausayinsu yana zuciyarsa tuntuni, yardar ce ya jira sai da ya ga hali ya canja."

Na je na sami uwar adashen ni kaɗai, kamar yadda Matiyu 18 ya ce a fara. Ta yi kuka, ni ma na yi. Na ce na yafe, amma kuɗin mutane za ki biya, muka rubuta a takarda gaban Baba Pasto.

Yanzu muna gaisawa, ranar da ɗanta ya kwanta asibiti na kai abinci. Alat yana shigowa jefi-jefi, wani watan shiru. Da aka zo kafa sabon adashe aka ce a sake ba ta riƙo na ce ban da ni. Layin nan kuwa na koma faɗinsa, ko da yake har yau in an zo wajen muryata takan yi ƙasa.