Dalilin da ƙungiyoyin ƙwadago ke ƙin a ba 'yan kwangila shara da gadi

Duk lokacin da ma'aikatar gwamnati za ta miƙa shara, gadi ko tuƙi ga kamfani, hujjarta ɗaya ce, wai rage kashe kuɗi. To amma irin wannan aiki yawancin kuɗinsa albashi ne. Ɗan kwangila kuwa dole ya ci riba, kuma daga jikin ma'aikaci yake yanko ta: a rage hannu, a mai da mutum na wucin gadi, fansho da kuɗin hutu su bi ruwa.

Akwai kuma abin da ba a cika sawa a lissafi ba: kuɗin tallata kwangilar, albashin jami'in sa ido, da duk aikin da aka manta ba a rubuta ba. Famfo ya fashe da dare, ruwa ya cika ofis? Sabon ciniki ke nan.

Ƙungiya mai dabara ba ta dogara da yajin aiki kaɗai. Takan nemi a kwatanta kuɗin yin aikin da ma'aikatan gwamnati da farashin kamfani kafin a sa hannu, a kuma rubuta sharaɗin albashi cikin kwangilar, yadda Yarjejeniya ta 94 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tanada tun 1949. Ga shi kuma kamfanin yana iya durƙushewa, kamar yadda Carillion, wani babban kamfanin kwangila, ya yi a Birtaniya a 2018, aikin ya dawo wuyan gwamnati.