Zane tara sun koma huɗu

Laraba, da dare.

Jiya na kwanta ina jin kaina, don na gama haɗa allon rahoton wata-wata a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, wanda shugabanni za su leƙa su ga yadda ciniki yake tafiya ba sai sun bi layuka ɗaya bayan ɗaya ba. Zane tara na jera a shafi guda, kowanne da kalarsa, har da wata da'ira mai kauri da inuwa da na yanka gida 11.

Da safe na nuna wa shugabar sashenmu. Ta ƙura wa allon ido, can ta ce, "To Malam, wane kaya ne ya fi fita a watan jiya?" Na buɗe baki zan amsa, sai ga ni ina matso da fuska kusa da kwamfuta. Yanka biyu ne suka rikita ni, ɗaya kashi 14 cikin 100, ɗaya 17, amma da yake da'irar a kishingiɗe take, ƙaramin da ke gaba ya fi cika ido. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na koma kujerata na fara da da'irar nan. Na mayar da ita sanduna a kwance, na jera su daga babba zuwa ƙarami, nan take amsar ta fito fili. Ido ya fi iya gwada tsawo da tsawo a kan gwada kusurwa da kusurwa. A wani zanen kuma na tarar Excel ya fara ƙirga daga 80 maimakon sifiri, shi ya sa ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba ya zama kamar tsauni. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin ƙarya ce na kusa yi ban sani ba.

Tafiyar watanni na bar wa zanen layi ɗaya. Kaloli duk na mayar da su toka-toka, shuɗi kawai na ajiye wa abin da nake so a fara gani. Ja da kore na rabu da su, tunda akwai maza da yawa da ba sa bambance su.

(Wani abin dariya, William Playfair, ɗan Scotland ɗin da ya fito da zanen sanduna a 1786, shi ne kuma ya ƙirƙiro da'irar a 1801. Maganina da ciwona duk daga hannun mutum ɗaya.)

Da yamma saura zane huɗu, kowanne da kanun da ke faɗin abin da ya faru. Da shugabar ta sake dubawa ba ta ce komai a kan zanen ba, tambayarta ita ce me ya sa ciniki ya faɗi a watan Mayu. Tambayar nan zan bi gobe, bayan na danna Ctrl+T na mayar da bayanan jadawali, don sabbin layuka su riƙa shiga zanen da kansu.