Rana ta farko da usur a bakina

Yau dai na fara. Jiya da dare barci ƙi min ya yi, ina ta juye-juye har Inna tac ce min da safe ko zazzaɓi ne, nac ce a'a Inna koyarwa zan tahi. Shekara 11 ina buga ƙwallon raga, na sa rigar jiha, wasan ga ya kai ni Kaduna ya kai ni Abuja, amma ban taɓa jin faɗuwar gaba awa ta yau ba, kuma a kan yara mata goma sha huɗu 'yan sakandare.

Bayan la'asar na hau kabu-kabu daga Mabera da ƙwallo uku cikin buhu da tef na awo. Na iske raga a ɗaure can sama a awon maza, mita 2.43, sai da na sauko da ita 2.24 na mata, su ko suna tsaye da hijabansu suna kallona suna ƙus-ƙus.

Nac ce mu fara da karɓa, wallahi nan na sha mamaki. Ni jikina ya san karɓar sabis, wato bugun fara wasa, ƙwallo na tahowa ƙafa ta matsa da kanta ba sai na yi tunani ba, amma da wata 'yar siririya tac ce Malam ya zan yi hannun, sai bakina ya rasa abin faɗi. Nac ce kalli nan, na gwada mata, ta yi, ƙwallo ta dake ta a wuyan hannu ta yi can gindin dogon yaro. Sau shida haka. Hannun ya yi ja, ido ya ciko da hawaye, ni kuma hannuna har ƙaiƙayi yake in amshe ƙwallon in buga da kaina. Sai na tuna yadda Baba Koci ya yi min a Giginya ina ɗan shekara 15, bai ce komi ba, kama hannuwana ya yi ya jera manyan yatsun ya danna kafaɗata ƙasa, shi ke nan na iya. To ni ba ni kama hannun ɗiyar mutane, sai na kira malamarsu ta motsa jiki nac ce Malama ki riƙe mata, ni in faɗa. Dole ta sa na nemo maganar ɗaya bayan ɗaya, haɗa manyan yatsu, miƙe gwiwar hannu kar ta lanƙwashe, rage tsawo, bari ƙwallo ta sauka a damtse na ƙasa, ƙafa ce za ta ɗaga ta. Karo na uku ƙwallo ta tashi sak bisa kanta, yarinyar ta yi wani ihu da sauran duk sunka juyo. Maki nawa na ci a rayuwata, ban san wanda ya yi min daɗi haka ba.

Da munka huta ana shan fiya wata na nuna musu Lang Ping a waya, 'yar Sin ɗin nan da ake wa laƙabi da gudumar ƙarfe. Ta ci zinare a Olamfik na 1984 tana 'yar wasa, gwiwa ta ba ta wahala, ta koma koci har ta kai matan Amurka azurfa a 2008, sannan 2016 ta ɗauki 'yan ƙasarta sunka fitar da Barazil a gidansu sunka doke Sabiya a wasan ƙarshe. Ni da can bugunta nake kallo, yau sai na kama kaina ina kallon yadda take tsayuwa bakin layi tana wa 'yan wasanta magana. Wata cikinsu tac ce Malam ashe mace na zama koci, nac ce ga ta nan kina gani.

Bayan isha'i na kira Baba Koci na ba shi labari, ya yi ta dariya yac ce ɗana ashe yau ka san abin da ka sa ni na sha, Allah shi yi albarka. Gwiwar hagu ta kumbura don na yi ta durƙuso ina gwada musu, na shafa man zafi. Alhamis sabis za mu yi, in Allah ya kai mu, ƙwallo ɗaya na sace iska sai na biya wurin mai faci da safe.