Kafin na yi wa kwamfutar Kawu fomatin

'Yan'uwana masu koyon gyaran kwamfuta, assalamu alaikum. Aikin da ya cinye mini wannan mako a nan Gusau shi ne na kwamfutar Kawu, wadda yake so a sauke mata Windows 10 a ɗora 11, tun da Microsoft ta daina kula da ta farkon daga ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ɗora manhajar ba ta ba ni tsoro ba. Abin da ya sa na yi taka-tsantsan shi ne saƙonnin imel na shekaru da dama da ke cikin manhajarsa ta imel, wato Outlook, waɗanda suka ƙunshi rasitai da takardun kwangila.

Da na tambaye shi, cewa ya yi: "Ai duk suna intanet, ɗana, goge kawai." Ban goge ba, sai da na duba yadda aka saita akwatin imel ɗin, kuma a nan nake so ku tsaya ku lura. Idan an saita shi da IMAP, asalin saƙonnin suna can a rumbun kamfanin imel, abin da ke kwamfuta kwafi ne a fayil mai suna OST. Idan kuwa POP ne, Outlook yana sauko da su cikin fayil ɗin PST, kuma yana iya share su daga can bayan wasu kwanaki, gwargwadon yadda aka saita shi. Na Kawu POP ne. Da muka shiga akwatin ta waya, saƙonnin makonni biyu kacal muka tarar, sauran duk suna cikin kwamfutar da ake shirin gogewa. Ban ga laifin wannan tsari ba, domin a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, wanda yake da saƙonninsa a kwamfuta shi ne ya iya buɗe tsofaffin takardunsa.

Fayil ɗin na PST na same shi a cikin Documents, a foldar Outlook Files. Na rufe Outlook tukuna, saboda fayil ɗin ba ya kwafuwa yadda ya kamata matuƙar manhajar tana riƙe da shi. Sai filashin ya ƙi karɓa, yana cewa fayil ɗin ya yi girma, alhali filashin mai GB 32 ne kuma babu komai a cikinsa. Na zare, na hura bakinsa, na sake sokawa har sau uku, kafin Oga ya leƙo ya tambaye ni wane tsari filashin yake kai. Ashe FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai GB 4, na Kawu kuwa ya haura shida. Da na mayar da filashin exFAT, sai aiki ya tafi, duk da cewa an ɗauke wuta ana tsaka da kwafin, batirin kwamfutar ne ya rufa mana asiri.

Ko mai IMAP ma kada ya saki jiki, domin a Outlook lambobin mutane da kalanda sukan zauna a foldar da ke kwamfutar kaɗai, dole sai an fitar da su ta Import/Export. Haka kuma a tabbatar mai kwamfuta yana tuna kalmar sirrinsa, kuma layin wayar da ake turo masa lambar tabbatarwa yana hannunsa.

A ganina, kwafin da ba a buɗe ba bai zama ajiya ba tukuna. Saboda haka na kai filashin kwamfutar shago, na buɗe fayil ɗin a Outlook, na ce wa Kawu ya ambaci wata tsohuwar takarda da ya tuna. Ya gyara tabarau, ya matso kusa da allon, ya bi layi da yatsa har ya tsaya a kan wani rasiti. Sannan ne ya ce, "To, bismilla." Na ƙara kwafi na biyu a wani rumbun daban kafin na fara.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan gwada irin wannan aikin da wata manhajar imel mai suna Thunderbird, wadda ita foldar Profiles da ke ɓoye a AppData ake kwashewa gaba ɗaya.